Teburin Koko Da Na Sa Aka Ɗauke Ranar Jajibirin Bikin Yayata

Assalamu alaikum. Lokacin da wannan abu ya faru ina shekara ta biyu a jami'a, yarinya ce ni mai shiru, wadda ba ta iya haɗa ido da manya. A gidanmu da ke unguwar Nima a birnin Accra, idan ana hira a tsakar gida, ni ina ɗaki da littafi. Abu ɗaya aka san ni da shi, wato tsari. Ba na ajiye komai inda ba muhallinsa ba. Shi ya sa da aka sa ranar auren yayata, babanmu ya ce ni zan shirya walimar, tunda ni ce 'yar boko.

Kamar yadda ake yi a unguwarmu, a kan layi za a kafa rumfuna, a tare hanya daga bakin kwata zuwa shagon tela. Na ari igiyar awo a wurin telan, na auna layin kaf, na zana shi a takarda. Na sa inda ango da amarya za su zauna, da inda za a jera kujerun roba, da inda tukwanen waakye, wato shinkafa da wake, da na dafa-duka za su tsaya. Na lura da inda rana ke karkata da la'asar don kada ta dami idon amarya. Har katako na sa aka shimfiɗa a kan kwata saboda tsofaffi. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a tsakiyar zanen, shi ne teburin koko na Mma.

Mma tsohuwa ce maƙwabciyarmu, ba ta da ɗa ko jika a Accra. Tun kafin a haife ni take sayar da koko a ƙofar ɗakinta. Sa'ad da mamarmu ke sammako zuwa Old Fadama saron doya, a wurin Mma take barin yayata. A bayanta yayata ta girma, tana goye ana zuba wa mutane koko. Ni kuwa tsoronta nake ji, don ba na wucewa ba ta ɗaga murya ta kira ni malama mai tabarau ba, tana tambaya ko littafin ne zai aure ni. Masu shan koko su yi ta dariya, ni kuma in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Saura mako biyu, mamarmu ta ƙulla goro a leda ta ba ni. Ta ce in kai wa Mma da kaina, in durƙusa in gaishe ta, in ce bikin 'yarta ya zo. Ta ce sauran mutane a ba su kati, amma babba da goro ake gayyatarsa. Sau uku ina fita da goron. Duk lokacin na tarar da mutane cike a teburinta, sai in wuce kamar an aike ni wani wuri. Daga ƙarshe na rubuta sunanta a kati, na ba wata mata da ke haya a gidansu ta miƙa mata. Na sa alama a littafina cewa an gayyace ta. Ban tsaya na tuna cewa Mma ba ta karatu ba, katin kuma da Turanci aka buga shi. Goron na tura shi cikin jakar makaranta. Ranar jajibiri da masu rumfa suka zo, na nuna musu zanen, na ce su roƙi tsohuwar ta ɗauke teburinta. Ta ɗauke shi ta shigar ɗaki. Ba ta zo wajen lalle ba, amma kowa ya ɗauka ciwon gwiwarta ne ya tashi.

Ranar walima komai ya tafi yadda na zana. Ruwa bai sauko ba, abinci ya ishi kowa, mata sun yi anko, ana ta yaba mini. Mai hoto ya ɗauki dangi rukuni-rukuni ya tafi wani bikin a Maamobi. Can bayan la'asar yayata ta yafito ni, ta tambaye ni a kunne ina Mma, tun ɗazu take dubawa. Na waiga. Kujerar amarya tana daidai inda teburin koko yake tsayawa, ƙofar Mma kuma a rufe take a bayanta. Nan take na gane abin da na yi. Na faɗa wa yayata gaskiya. Ba ta yi mini faɗa ba. Idonta ya ciko, ta ce ba za ta bi motar gidan miji ba sai Mma ta sa mata albarka.

Na ruga gida na ɗauko goron, duk ya yi yaushi. Na yi sallama na shiga. Na same ta zaune a bakin gado, ta yi wanka, ta ɗaura sabuwar atamfa, ta yafa mayafi. Tun hantsi take zaune a haka, tana jin kiɗan ta bango. Teburin yana jingine a lungu, katina kuma yana kansa. Na durƙusa, sai kuka. Ta ce da aka kawo mata takardar, ta zaci sanarwa ce ta a tashe ta daga wurin, da masu rumfa suka zo kuma sai ta tabbatar. Ta ce ba ta yi fushi ba, ta dai ce a ranta yaran sun girma, sun yi boko, wataƙila ba sa son mai koko a gaban baƙinsu. Amma ta shirya, ko da wani zai leƙo. Na miƙa mata goron da hannu biyu. Ta juya shi, ta yi dariya, ta ce malama mai tabarau har goron ma sai da ya yi karatu a jaka kafin ya iso. Sannan ta ɓare ɗaya ta ci, ta ce in kama ta ta tashi.

Ni na riƙo hannunta har rumfa. Yayata ta sauko daga kujerarta ta zaunar da ita, ta durƙusa a gabanta da kayan amarci, ta kwantar da kai a cinyarta. Mma ta daɗe tana shafa kanta tana addu'a. Masu kiɗa ma sai da suka tsaya.

Mma ta rasu a damina ta gaba. Da yayata ta buɗe kundin hotunan biki tana neman fuskarta, ba ta cikin ko ɗaya. Ƙofarta ce kawai ta fito, a rufe, a bayan amarya.

Na auna layinmu taku-taku, amma taku goma da ke tsakanin ƙofarmu da tata ne na kasa yi. Na daɗe ina kiran abin da na yi da sunan kunya, alhali Mma ce ta ɗauki nauyinsa, ba ni ba. 'Yan'uwana masu shirya biki, musamman mu da muka saba da takarda da waya, kafin ku kira masu rumfa ku tambayi wa ya goyi amarya. Ku je da ƙafarku, ku durƙusa, ku miƙa goron tun yana ɗanye. Allah ya jiƙan Mma, ya yafe mini.