Kwamin Baftisma Mai Huji a Gindi

A cocin ƙauyenmu, iyakar abin da aka faɗa mini, da ƙwarya aka fara yi wa mutane baftisma. A cikinta aka yi wa kakana. Daga baya matan zumunta suka sayo daro mai zanen fure, ya daɗe har tsatsa ta ci gindinsa. Ni kuma a kwamin siminti aka yi mini, wanda ya tsage shekarar da na shiga jami'a. Tun daga nan sai robar kasuwa.

Kakata ce kaɗai a gidanmu ba a yi wa baftisma ba. Tana zuwa coci, ta iya addu'o'in, amma kullum sai ta ce ba yanzu ba. Da tsufa ya kama ta, sai ta fara maganar kabari. A wurinmu wanda ba a yi wa baftisma ba, bayan shingen maƙabarta ake binne shi, ita kuwa kusa da mijinta take so. Ta yarda, amma ban da roba.

A lokacin na gama karatu a Guangzhou, ina yi wa wani Alhaji ɗan Kano tafinta. Wandunan jins yake saye a Xintang. Katikis ɗinmu, mai koyar da addini a cocin, ya kira ni a waya ya ce Fada ya amince a yo kwamin dutse daga China, sannan ya miƙa wa kakata wayar.

"Mijin banza," in ji ta, "ka tafi ka bar ni, ga shi za su wanke ni a robar wanke-wanke."

"Kaka, ai ruwan ne ke aiki, ina jin."

"Kana jin. To ka aiko na dutsen, sai in ji ni ma."

Na sami wani kamfani a Panyu da ke sassaƙa kwamin wanke hannu na otal. Na zana musu, na rubuta awo, na sake komawa na duba. Alhaji ya ce zai sa shi a kwantenarsa.

"Malam, wato wankan Kirista zan yi wa dako?"

"Na tsohuwa ne, ranka ya daɗe."

"To tsohuwa ai ta kowa ce. Amma idan ya murƙushe mini wanduna, kai da Fadanku za ku sa su."

Ranar da na je karɓa, na tarar sun huda gindinsa. Duk kwamin da ya fita daga hannunsu sai da hujin magudana, ba su ma tambaya ba. Na ce wa mai kamfanin ko akwai wani mara huji. Ya ce "meyo", wato babu. Ya kawo toshiyar roba mai sarƙa ya sa, ya zuba ruwa, bai ɗiga ba.

Ban san ko ya halatta ba. Ruwan baftisma ba a zubar da shi ko'ina, a gindin bangon coci katikis yake juye shi. Na kira shi. Ya ce shi ba zai yanke ba, Fada kuma yana zagayen ƙauyukan da babu sabis, damina ta cinye hanya.

Gasar Olamfik ta matso, ana ta duba takardun baƙi, 'yan kasuwa da yawa suna haɗa kayansu. Alhaji ya ce wannan ce kwantenarsa ta ƙarshe sai bayan gasar.

"Loda kawai, Malam. Huji ai siminti ne maganinsa."

Na ce bari dai mu ji daga Fada. Aka rufe kwantena ba kwamin a ciki. Da amsar ta zo, cewa ya yi hujin ma ya fi, sai a haƙa rami a ƙarƙashi ruwan ya sauka a ƙasar coci.

Ana cikin gasar kakata ta kwanta. Ina wani shagon wayoyi a Tianhe katikis ya kira, talabijin na nuna masu ninƙaya. Ya ce da safe an zo da robar, ta kau da kai, ta ce na jikanta na hanya. Da rana ta daina magana. Sai ya ɗebi ruwa da tafin hannunsa ya zuba mata a goshi ya faɗi kalmomin. Ko tana numfashi a lokacin, ya ce ba zai rantse ba.

Na ce to. Na tsaya har aka gama gyara wayar Alhaji, na yi godiya, na hau jirgin ƙasa na koma ɗaki. Na ci abinci. Ina tsammanin na cinye.

Dattawan coci sun yi ta shawara. Wasu suka ce baftisma ta yiwu, wasu suka ce ai ta ƙi da bakinta. A ƙarshe suka cire wani ɓangare na shingen, suka haƙa kabarin daidai inda yake, suka sa ta. Na tambayi katikis ko hakan ciki ne ko waje. Ya ce daga nan ana hango na mijinta.