Jonah da Tashar da Ta Ƙi Tsayawa

Jonah ya zo Gwaram tun ana ƙarƙashin Kano, shi da matarsa Rebeka, ya kafa rumfar gyaran rediyo a bakin kasuwa. Bai ƙarasa makarantar koyon sana'a ba, amma abu ɗaya ya zauna masa a ka: cikin kowace rediyo akwai naɗin waya da kondensa, wuta na kai da komo tsakaninsu kamar lilo. In bugun tasha ya zo daidai da lilon, sai wutar ta ƙaru, murya ta fito. In ya saɓa, sai shiru.

Da aka ba da Jigawa, kowa ya ƙosa ya ji tashar sabuwar jiha. Alhaji Maikuɗi, wani manomin gero daga Farin Dutse, ya kawo tasa rediyon.

"Malam Jonah, a gidana tashar nan ba ta tsayawa. Ana cikin sanarwar taki sai wata ta hau kanta da kiɗa."

Jonah ya warware naɗin, ya sake naɗawa, ya matse kamun tashar. Kiɗan ya ɓace, amma da an ɗan taɓa maɓallin sai tashar ma ta gudu. Ya sassauta, tashoshin biyu suka dawo tare. Har Farin Dutse ya bi rediyon a babur. Can ya saita ta tsaf, yana janye hannunsa muryar ta zame, domin kusantar hannu kaɗai tana sauya lilon wutar.

"To, sai dai ka tare a gidana kana riƙe da ita," in ji Alhaji.

Jonah bai yi dariya ba. Ya dawo da rediyon rumfarsa, damina guda yana fama da ita. Rebeka ta gaji da ɗumama masa tuwo, ta ce, "Baban Ƙauna, ka mayar masa da abarsa mana."

"Saura kaɗan," in ji shi.

Bai kai ga kaɗan ɗin ba. Alhaji ya je Birnin Kudu ya sayo wata 'yar ƙarama sabuwar yayi, ta kama tashar tas. Da irinta ta fara zuwa gyara, Jonah ya buɗe ya tarar komai a manne yake, ba abin da yatsa zai warware. Ya yi tsaki ya rufe.

Yanzu fanka da tocila yake gyarawa. In aka kawo masa sabuwar rediyo, ko karɓa ba ya yi, sai ya nuna shagon da ake sayar da su.