Gadar Bashmuhandis Mukhtar

A katin da yake miƙa wa mutane an rubuta Bashmuhandis Mukhtar, wato babban injiniya. A kambon Jazira, yankin noman auduga da ke kudu da Khartoum, inda aka yanke masa cibiya kuwa Muntari ne, ɗan Ishaku mai tsinkar auduga, kuma duk karatunsa na injiniya shekara goma sha ɗaya ce ta walda a wani gareji na unguwar Shajara a Khartoum. Kambo shi ne rukunin bukkokin 'yan ƙwadago a bakin gonaki, inda masu gona ba sa leƙawa sai suna neman hannu. Muntari ya bar shi yana ɗan shekara sha shida, ya shigo Khartoum da riga ɗaya, ya ajiye Hausa a tashar mota kamar kayan wani. Ya goge Larabcinsa har ya fi na masu shi santsi. Ya kama gida a unguwar Alsawra, nesa da unguwar Umbadda inda yayarsa Sakinatu take sayar da soyayyar gyaɗa. In ta kira shi a waya yana cikin mutane, sai ya riƙa cewa "na'am, na'am, tamam," kamar mai amsa tambayar ɗan sanda.

Talabijin ta same shi ne ta ƙofa, a shekarun da suka gabaci yaƙin nan. Ya ƙera wa wani furodusa mai suna Ustaz Salahuddin ƙofar gida, shi kuma yana shirya gasar da za a riƙa nunawa kai tsaye duk Juma'a bayan la'asar. Sunanta Addi wa Shil, wato haye ka ɗauka. A ƙarshen gasar akwai gada, a ƙarshen gada akwai firji.

Gadar farko da ya sa Muntari ya ƙera katako ce mai faɗi a kan kwamin ruwa mai shuɗin fenti. Kowa ya haye. Har wata hajiya ta haye da jaka a hammata tana gyara mayafi.

"Ya bashmuhandis," in ji Salahuddin, "ni faɗuwa nake so. Ba wanda yake kunna talabijin don ya ga mutum ya isa lafiya."

Bayan mako guda Muntari ya dawo da zane a nannaɗe, ya ce ya nazarci tsarin Japan. Abin da ya kawo kututturen dabino ne mai taku goma sha huɗu, an gitta shi a kan ramin taɓo, mai gasa kuma zai haye da buhun auduga a ka. Duk wanda aka haifa a Jazira ya san wannan Japan ɗin. Ita ce gadar da ake gittawa a kan magudanar ruwan noma, tsakanin kambo da gona. Muntari ya dage sai an kawo baƙar ƙasar Jazira mai danƙo, ya ce ita kyamara take so. Ya dage sai masu gasa sun sa farar jallabiya, ya ce saboda haske.

Shirin ya karɓu. Lauyoyi sun faɗi, ɗaliban likitanci sun faɗi, ɗan wani mai kantin gwal ya faɗi har rawaninsa ya warware yana iyo. Masu son Muntari sukan ce ƙwarewa ce kawai. To, amma shi da kansa yake ɗora wa kowa buhu, kuma yana ɗorawa yana tambaya cikin ladabi, "Ustaz, asali daga ina?" Wanda ya ce kakansa yana da gona a Managil ko Hasahisa ta can Jazira, sai a ga buhunsa ya ɗan karkata hagu. Yana ɗan shekara takwas ya ga babansa ya sulɓe daga irin wannan itace da kaya a ka, 'ya'yan mai gona uku suna kan jaki suna dariya har ɗaya ya faɗo. Muntari bai taɓa ba kowa labarin ba. Duk Juma'a dai yakan tsaya bayan kyamara ta uku, ya harɗe hannuwa, ba ya dariya, sai haɗiyar yawu a hankali kamar mai shan shayin da ya ji sukari.

A shekara ta biyu aka yi kuskure wajen tace masu gasa, wani ɗan dako na kasuwar nan ta birnin da ake kira Libya mai suna Ɗanjuma ya shigo. Ya dubi gadar, ya tuɓe takalmi ya ajiye su gefe kamar zai shiga masallaci. Ya juya kafaɗa, ya damƙi itacen da yatsun ƙafa, bai ko tallafi buhun ba, ya taka ya wuce. Da ya sauka, maimakon ya rungumi firji, sai ya nufo Muntari da hannu a miƙe.

"Sannu da aiki, ɗan'uwa! Wallahi gadar kambonmu ce sak. Kai na wane kambo ne?"

Muntari ya dubi mai kyamara, ya tambaya da Larabci, "Me yake cewa?"

"Au, haka ne?" in ji Ɗanjuma. "To Allah ya ba da haƙuri, injiniya. Na ga yatsun ƙafarka ne a cikin silifa."

Tun daga ranar Muntari bai sake sa buɗaɗɗen takalmi ba, gadar kuma ta shiga samun ci gaba. Da farko ya kafa dokar hana tuɓe takalmi, wai don kare lafiya. Sai ya soke kututturen da sandar ƙarfe, ya sa masa boris a kowane baki, yadda zai ɗan mirgina in an taka. A shekara ta uku ya ƙara siririn bututu mai yayyafa ruwa a tsakiya. A ta huɗu ya aske kaushin itacen ya shafe shi da man ƙyalli. Kowane gyara yana zuwa da bayanin kimiyya, kuma kowane gyara ƙofa ce da aka rufe wa wani Ɗanjuma mai zuwa.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, kafin ya miƙa kowane gyara sai ya gwada. Da rana, in ma'aikatan gareji sun fita cin wake, yakan ja ƙofa, ya tuɓe takalmi, ya haye ya dawo, ya sake hayewa. Ƙafafunsa ba su da labarin an canja suna.

Shekara biyu da rabi ba wanda ya sake taɓa firji. Masu kallo suka fara rubutu a Fesbuk cewa damfara ce, gadar ba ta hayuwa. Kamfanin da ke ba da firjin ya ce ba zai ci gaba da tallata abin da ba ya zuwa gidan kowa ba. Salahuddin ya kira Muntari ofis.

"Juma'ar nan kai za ka hau. Mai gada ya nuna wa duniya ana hayewa. In ka so ka tuɓe takalmi, na yafe maka dokarka."

"Ustaz, ni injiniya ne, ba ɗan wasa ba."

"In ba a haye ta ranar Juma'a ba, a fitar da ita, kai ma ka bi ta. Akwai wani yaro da ya karanta a Turkiyya, yana da ƙwallayen roba manya-manya."

Aka yi ta sanarwa kwana uku. Ranar Alhamis Sakinatu ta kira, ya fita bayan gareji ya amsa.

"Muntari, an ce gobe za ka hau itace a talabijin."

"Yaya, ki rage murya."

"In rage wa wa? Duk layinmu za su taru a gidan Aya, ita ce mai babbar talabijin. Ka cire wannan takalmin naka na 'yan boko, ka ji ko? Kada ka ba mu kunya. Baba da buhu biyu yake hayewa."

"Baba ai ya faɗi."

"Sau ɗaya cikin shekara talatin! Shi ka riƙe ka tafi da shi birni? Kai dai tun kana yaro ba ka iya zaɓen abin ɗauka ba."

Lissafin a fili yake. In ya haye, ya tsira da aikinsa, amma juya kafaɗar nan da damƙar yatsun nan za su shiga kowane falo a Alsawra, surukansa da maƙwabtansa su ga inda bashmuhandis ya koyi tafiya. In ya faɗi, aiki ya tafi, Mukhtar ya tsira.

Ranar Juma'a ya fito cikin farar jallabiya da baƙin takalmi sau-ciki. Mahir, mai gabatar da shirin, ya yi masa kirari da Larabci, aka ɗora masa buhu. Ya taka. Taku shida na farko jikinsa ya yi abinsa ba tare da neman izini ba, ko da takalmin. A taku na takwas, daidai wurin yayyafi, ya tsaya yana jiran kututturen ya taimake shi ya mirgina. Kututturen ya ƙi. Ƙafafun sun riga sun danne shi. Sai da Muntari ya saki buhun da hannunsa, ya wurga hannuwa sama yadda ya ga lauyoyi suna yi, ya jefa kansa cikin taɓon da ya sa aka kawo daga Jazira.

An yi dariya, amma ba sosai ba. Faɗuwar ba ta yi kyau ba.

A bayan ɗakin shirin wani ma'aikaci yana wanke shi da tiyo sai ga Salahuddin, yana tafe yana ɗage jallabiya kada ta jiƙe.

"Wallahi ka ba ni mamaki, mutumina. Ni da na ce wa masu kamfani su kwantar da hankalinsu, mutumin nan ɗan kambo ne, a kan irin wannan itacen ya yi rarrafe."

Muntari ya tofar da ƙasa. "Wa ya faɗa maka?"

"Wa zai faɗa mini? Kakana yana da gona a Hasahisa. Ranar da ka kawo zanen nan na Japan duk mun gane, mun ɗauka raha kake yi. Masu kyamara ma gadar Hausawa suke kiranta, a gabanka kuwa, ba ka taɓa ji ba?" Ya dubi mai tiyo. "Ka wanke masa kunnuwa. Bashmuhandis, kafin Lahadi ka turo mota a kwashe itacen."

Ya juya zai tafi. Muntari ya sunkuya, ya fara kiciniyar zare takalmin da taɓo ya cika, ya ce cikin Larabcinsa mai santsi, "Ustaz, in aka ba ni dama ɗaya kuma? Minti guda ya isa."

Salahuddin ya dubi agogo. Ya ce ai tuni an rufe shirin, an shiga labarai.