Shekara Uku 'Yata Tana Ajina, Ban San Ba Ta Gane Lissafi Ba

Edita, assalamu alaikum. A lokacin da abin nan ya faru, ni malamin lissafi ne a wata sakandaren jeka-ka-dawo da ke ƙasar Ikara, can wajen Furana, shekarata goma sha tara da alli a hannu. Ina da zafin kai, ba zan ɓoye ba, kuma na ɗauki kaina gwani. In na gama warware lissafi a allo sai in juyo in tambaya ko an gane, aji ya amsa da murya ɗaya cewa an gane, in goge in wuce gaba. Haka aka koyar da ni, haka na koyar. A cikin 'yan aji shida na wannan shekarar akwai 'yata ta fari. Mu kuwa Fulanin gida ne, kunyar ɗan fari ba wasa ba ce a wurinmu. A ɗakin mahaifiyata ta tashi, kuma tun da aka haife ta ban taɓa kiran sunanta ba. Shekara uku tana zaune a ajina, bakin taga, ban taɓa nuna ta ta amsa tambaya ba, ban taɓa tsayawa a kan teburinta ba. In an tara littattafai sai in zare nata in miƙa wa wani abokin aikina ya duba. A ganina wannan shi ne mutunci. Burinta ɗaya ne, ta shiga makarantar koyon aikin jinya, kuma ba a shiga sai da kiredit a lissafi. Ko wannan ma a bakin kakarta na ji.

Farkon zangon karatu aka tara mu bita a Makarfi. A nan aka gabatar mana da wata malama 'yar Kudan, wadda aka ɗora wa aikin bin malamai aji-aji tana taimaka musu su gyara koyarwa. Ta ce ita ba sufeto ba ce, abin da ta rubuta ba ya zuwa kowane ofis, tsakaninta da malami ne kawai. Ta kuma roƙe mu da mu daina dogara da amsar da aji ke bayarwa baki ɗaya, domin yaranmu ba sa iya kallon babba su ce masa ba su fahimta ba. Ina can kujerar baya ina dariya ƙasa-ƙasa. Na ce wa na kusa da ni, yarinyar da lokacin da na fara aiki tana firamare ita ce za ta koya mini tsayuwa gaban allo.

Da aka ce za ta zo ajina, na yi abin da muka saba yi in sufeto zai zo: na koyar da darasin kwana biyu kafin zuwanta, ranar kuma muka maimaita. Hannuwa suna tashi, amsa tana fita radau. Bayan an tashi ta same ni ƙarƙashin dalbejiya, ta gaishe ni da ladabi, ta tambayi iyali da gona, ta yaba rubutuna a allo. Sannan ta ce ta lura yara biyar ne kawai suka yi magana, kuma akwai wata yarinya bakin taga da ko sau ɗaya ban kalli wajenta ba. Ta nemi in ba ta minti biyar a ƙarshen darasi na gaba, kowane yaro ya warware tambaya ɗaya a takarda shi kaɗai. Raina ya ɓaci. Na ce mata ba a yi mini katsalandan a aji, ta je ta gwada wa sababbin malamai. Ban gaya mata ko wace ce yarinyar ba, bakina ba zai iya ba. Ta sake dawowa zango na biyu, ina hango ta na hau babur na ce ana nemana a Malikanchi.

Saura mako biyar a fara jarrabawar kammala sakandare shugaban makaranta ya sa baki, dole na bar malamar ta shiga. Na warware misali ɗaya a allo, na tambaya, aji ya amsa kamar kullum. Ta tashi ta goge allon, ta rubuta tambaya irin tawa sak, lambobi kawai ta sauya. Ta raba guntayen takardu, ta ce kada kowa ya rubuta suna. Muka koma ofis muka baje su a tebur. Wallahi waɗanda suka yi daidai ba su kai goma ba. Ina jujjuyawa, sai ga wani rubutu mai tsafta da na sani, irin wanda nake gani a littattafan 'yata a ɗakin mahaifiyata. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Yarinyar nan ta kwafe sabuwar tambayar, a ƙasa kuma ta zuba amsar tsohon misalina, layi-layi, da tsofaffin lambobina, babu ko ɗigon da ta bari. Haddacewa take yi. Shekara uku hadda take yi, ni kuma tambayoyin gwajina daga cikin misalan da na ba su nake ɗaukowa, shi ya sa take cinyewa. Na zauna riƙe da takardar. Malamar ta dube ni ta dubi takardar, ba ta tambaye ni komai ba. Ta ce kawai in na yarda gobe da safe mu fara, ita ta ɗauki rabin aji ni in ɗauki rabi.

Da la'asar na shiga ɗakin mahaifiyata na gaya mata. Ita ce ta kira yarinyar ta tambaye ta, ina tsaye a bakin ƙofa kamar baƙo. Yarinyar tana kuka ta ce tun aji ɗaya, daga lissafin rabi da kwata, abin ya kuɓuce mata. Ta ce ta ji nauyin a ce 'yar malamin lissafi ba ta iya ba, kada a yi wa Baba dariya a gari. Kullum tana jira in tsaya a kan teburinta ko sau ɗaya, da na tsaya da na gani da idona. Ban taɓa jin na tsani kaina irin ranar ba.

Mun yi iya ƙoƙarinmu. Malamar nan da na wulaƙanta tana zuwa daga Kudan sau biyu a mako, ta koya mini zagaya aji, da ba yaro lokaci ya yi tunani kafin ya amsa, da karanta kuskure in gane inda aka ɓace. Amma aikin shekara shida ba ya yiwuwa a mako biyar. Sakamako ya fito, ta ci komai sai lissafi. Ƙawayenta biyu sun tafi makarantar jinya, ita tana gida, kullum bayan la'asar muna kan tabarma ni da ita muna bin littafin aji ɗaya. Abin da ke cina shi ne, da na ba da minti biyar ɗin nan tun zangon farko, da muna da wata bakwai.

'Yan'uwana malamai, amsar da aji ke ba ku baki ɗaya ladabi ce, ba shaidar fahimta ba. In an turo mai duba koyarwarku, ko da sa'ar 'ya'yanku ce, ku buɗe mata ƙofa, ku bar ta ta ga darasinku na gaskiya. Masu 'ya'ya a ajinsu kuma, ku ajiye kunya a ƙofar aji. Ranar da muka fara zama a tabarma na daure na kira ta da sunanta. Ba ta amsa ba. Waigawa ta yi tana neman wanda ya kira.