Neman Kabarin Baba Bayan Ruwa Ya Janye

Baba ya rasu da bazara, ina cikin karatun digiri na biyu a Kano, a sashen labarin ƙasa. Aikina a kan ambaliyar kogin Haɗeja ne. Nakan tattara hotunan da tauraron ɗan adam ke ɗauka daga sama, in jera su a kwamfuta shekara bayan shekara, in fitar da taswirar inda ruwa ke kwanciya da inda yake bari. Ƙauyenmu da ke gefen Auyo yana cikin yankin da na zaɓa. Ba don wata ƙauna na zaɓe shi ba, a can nake da wurin kwana da mai tuƙa mini tuwo.

Da aka tashi daga zaman makoki, sai na ci gaba da aikin fili tunda ina gida. Sashenmu ya ara mini wata 'yar na'ura mai kama da tsohuwar wayar hannu. Ka tsaya a wuri ka danna, ta riƙe maka lambobin wurin. Na danna a ƙofar masallaci, na danna a rijiya, na danna a kan jingar da mutanen gari suka yi da buhunan ƙasa don tare ruwa. Da na biyo ta maƙabarta na shiga na yi wa Baba addu'a. Kafin in fito na danna a wajen kansa. Ban yi da wata niyya ba, hannuna ne ya saba.

Damina ta yi nisa ina Kano, sai yayana ya kira ni da hantsi. Shi ne babba a gidanmu, shi ya gaji gonakin shinkafar Baba.

"Jinga ta ɓalle," in ji shi. "Mun fito a kwale-kwale. Inna da yara suna Haɗeja, gidan ƙanwarta. Ba a rasa rai ba."

"Gidan fa, Yaya?"

"Wane gida?"

Bayan 'yan kwanaki gajimare ya yaye, hoton yankin ya fito tas. Na zauna a ɗakin kwamfutoci na ware ruwa daga tudu, na ba ruwan launin shuɗi kamar yadda aka koya mana. Na ɗora ɗigon ƙauyenmu a kai, ya faɗa tsakiyar shuɗin. Malamin da ke duba aikina ya zo ya tsaya a bayana, ya gyara tabarau.

"Kai, wannan hoto ya fita," in ji shi. "Babinka na huɗu ya samu ke nan."

"Haka ne, Malam."

Bai san cewa garinmu ne ba, ni ma ban faɗa masa ba. Na adana aikin, na fita na sayi shinkafa da wake, na cinye tas. Na jira in ji wani abu a ƙirjina, ban ji ba.

Sai da ruwa ya janye na je Haɗeja. Na tarar da Inna a tsakar gidan ƙanwarta tana tsince wake. Ta rame, amma ba ta yi zancen ɗakinta ba, ko hatsin da ya tafi. Bayan gaisuwa ta ce, "An ce maƙabarta ta shafe, ba a gane kowa. Yayanka ya ce kana da abin da ke nuna wuri."

"Ina da shi, Inna."

"To ku je ku dubo mini shi."

Washegari muka hau babur ni da Yaya har inda hanya ta yanke. Muka tsallaka a kwale-kwale, sauran muka taka a ƙafa, takalma a hannu. Gidajen ƙasa duk sun narke sun zama tuddai, masallaci ne kawai ya tsaya saboda na bulo ne, da zanen ruwa a bangonsa sama da kaina. Ko'ina warin ruɓaɓɓiyar ciyawa. Mun wuce inda gidanmu yake ba mu tsaya ba.

Maƙabartar ta koma fili guda, laka ta bushe ta tsattsage. Shingen ƙaya ya tafi. Ga ɓaraguzan tukwane a warwatse, ga ƙananan kifaye sun bushe a cikin ramuka. Wasu mutanen gari suna tsaye a gefe, kowa na kallon ƙasa.

Na kunna na'urar, na kira ɗigon da na ɗauka. Kibiya ta fito, na bi ta, Yaya na bin bayana. Tazarar ta yi ta raguwa, can kibiyar ta fara juyawa, ta nuna gabas, ta nuna kudu. Na tsaya.

"Nan ne," na ce.

"Nan daidai?"

"Nan, ko gaba kaɗan. Ba ta bayar da wuri cif, takan kauce da 'yan taku."

Ya dubi ƙafafunsa, ya dube ni. "To wa muke takawa yanzu?"

"Ban sani ba, Yaya."

Ya ja da baya ya tsuguna, ya ɗaga hannu. Tun ina yaro ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar jana'iza bai yi ba, ran nan kuwa har kafaɗunsa na rawa. Na tsuguna kusa da shi na ɗaga nawa hannun. Bakina yana karanta addu'ar, idona yana kan alamar batir da ta kusa ƙarewa. Na lura ina tunanin ko za mu sami mai kwale-kwalen a inda muka bar shi.

Da muka shafa, wani dattijo maƙwabcinmu ya matso. Matarsa ta rasu kafin Baba da kaɗan.

"Ɗana, duba mini tawa."

"Baba, ban ɗauki nata ba. Kabari ɗaya ne a ciki."

"Ka dai duba."

Na danna na nuna masa fuskar na'urar. Ya daɗe yana kallon lambobin da bai iya karantawa ba, sannan ya ce Allah ya jiƙansu baki ɗaya, ya juya. Yaya ya samo guntun bulo ya kafa a inda na tsaya, muka kama hanya.

Da la'asar muka iso Haɗeja. Inna ba ta bari mun zauna ba.

"Kun same shi?"

"Mun same shi," in ji Yaya.

Ta gyaɗa kai, ta juyo gare ni. "Kai da ka karanta, ruwan zai sake zuwa?"

"Wurin kwari ne, Inna. Zai sake zuwa."

"To," in ji ta, ta tashi ta zuba mana abinci.

Yaya ya koma ƙauye da rani ya tayar da ɗaki biyu a kan tudun tsohon gidanmu, saboda gonakin ba za su biyo shi birni ba. Inna ta ƙi komawa. Ni kuma na rubuta sauran babukan. Ranar kare kundin digirina a gaban malamai, malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya daɗe a kan taswirar ambaliyar. Ya ce rubutun sunayen garuruwa ya yi ƙanƙanta, in ƙara masa girma. Ya tambayi shawarar da bincikena ya bayar, na ce a matsar da garuruwan kwari zuwa tudu. Ya ce shawara ce mai kyau. Suka fitar da ni, suka sake kirana, suka ce na ci.

Na je Haɗeja a ƙarshen makon na faɗa wa Inna. Ta ce madalla, Allah ya sa albarka. Sannan ta ce tunda na zo, in kama mata gadon nan mu matsar da shi, bangon wajen yana tsattsafo da danshi. Na tuɓe riga na kama gefe ɗaya, ƙanwarta ta kama ɗayan.