Zaren da Na Auna Tafiyar Maraɗi

Ƙanena ne ya fara shiga jirgin sama a gidanmu, ba ni ba. Shi manomin albasa ne a bakin dam ɗin Goronyo. Ni kuwa na karanta ilimin ƙasa a jami'a, na kuma daɗe ina koyar da shi a wata sakandare a Wurno. Wata ƙungiyar masu noman rani ce ta zaɓe shi cikin manoman da za su je Maraɗi ganin yadda ake adana iri, aka kwashe su a ƙaramin jirgi daga Sakkwato.

Tun bayan rasuwar Baba, Inna takan shimfiɗa buzunsa a ƙofar ɗakinta duk Juma'a bayan la'asar. Wanda ya zauna a kai shi ke ba ta labarin duniya: ta ina Makka take daga nan, daga ina ruwan Rima ke tahowa. Ni ke zama a kai, ban kuwa taɓa ɗaukarsa da muhimmanci ba, sai Juma'ar da ta biyo bayan dawowar ƙanena, da na iso na tarar ya miƙe ƙafa a kansa, mutanen gida sun kewaye shi. Aka nuna mini tabarma.

Da na koma Wurno na buɗe taswira, na ja zare daga filin jirgin Sakkwato zuwa na Maraɗi, na yanke shi daidai. Bai kai tsawon yatsana ba. Na ce wa kaina ilimi nake karewa. Har yau ban tabbata ba, domin ban san ilimin da ke sa mutum ya ƙosa Juma'a ta zagayo ba.

Da ta zagayo, na ajiye taswirar da zaren a gaban Inna.

"Inna, ga tafiyar gaba ɗaya. Zuwa Kano ma ya fi nisa. Kuma sai da ya tafi Sakkwato a mota, sannan jirgin ya dawo da shi ta kan gonarsa."

Ƙanena ya yi dariya. "Yaya, ai nan daɗin yake. Da munka tashi na ga Rabah, na ga dam kwance kamar tasa. Ku da kunka sha boko kun auna, mu mun leƙa."

Inna ta ja taswirar ta ƙura mata ido. "To Malam, mi ka gani nan ciki? Ina gidanmu?"

Na ce taswira irin wannan ba ta nuna gidaje.

Ta juya wurinsa. "Kai hwa?"

"Ni ma ban rarrabe shi ba, Inna. Amma da na hangi itatuwan wajenmu na yi maki sallama ta taga."

Ta daɗe tana kallonsa. Na so in yi bayanin cewa daga wannan tsawo ba a gane itacen wani gari, amma na ga ba wanda ke jiran bayanina.

Sai ta lura maɓallin rigarsa yana lilo, rigar da ya yi tafiyar da ita. Ta ɗauki zarena daga ƙasa, ta lashi bakinsa, ta zura a allura, ta ce masa ya matso. Ya matso da buzun duka.

Ina daga kan tabarma da taswira a cinya, ina fatan zaren ya gaza. Ya isa, har ta gutsure saura da haƙori.