Wata Goma Sha Tara na Hidayat Mukadam

Hidayat Mukadam ɗan wani ƙauye ne a bakin teku, kudu da garin Ratnagiri a ƙasar Indiya, inda da wuya ka shiga gida ba ka tarar da namiji ɗaya yana can a ruwa ba. Mahaifinsa ya ƙare ƙuruciyarsa yana kankare tsatsa a manyan jirage, shi ma yana cika shekara ashirin ya bi sahu. Karatunsa bai yi nisa ba, don haka bai taɓa sa ran zama kyaftin ba. Amma Allah ya yi masa baiwar hannu. In jirgi zai shiga matsattsiyar hanya, shi ake kira ya riƙe sitiyari, don ba shi da rawar jiki, kuma bakinsa ba ya buɗewa sai in zai maimaita umarnin da aka ba shi, yadda dokar aikin ta ce.

Wata tara a ruwa, uku a gida, haka rayuwarsa ta tafi. Matarsa Zubeda ita ke riƙe da gidan da itatuwan mangwaron da ke bayansa, ita ta raini 'yarsu tilo, Shabnam.

Yana da shekara arba'in da bakwai abin ya faru. Suna ɗauke da ɗanyen mai za su shiga tashar wata ƙasa mai sanyi, da hantsi, gari garau. Kamar kullum, jagoran tashar ya hawo jirgin, ɗan ƙasar, wanda aikinsa shi ne ya shigar da baƙin jirage ta hanyar da ya sani. Ya tsaya bayan Hidayat yana ba da umarni da Turanci.

"Hagu, goma," in ji jagoran.

"Hagu, goma," Hidayat ya maimaita, ya murza.

Ba a yi minti biyu ba sai ya ji ƙarfen da yake tsaye a kai ya girgiza, wata doguwar ƙara ta taso daga ƙasa. Dutse ya yage cikin jirgin. Kafin azahar ruwan ya yi baƙi ƙirin har bakin gaɓa.

'Yan sanda suka kwashe fasfo ɗin kowa. Bayan mako biyu aka sallami sauran ma'aikata, aka wuce da kyaftin babban birni, aka bar Hidayat. Jagoran ya shaida wa masu bincike cewa shi hannun dama ya ce a murza, matuƙin ne bai ji Turanci sosai ba ya murza hagu. Aka ba da belin Hidayat bisa sharaɗin ba zai fita daga garin ba, kuma kowace safiya zai je ofishin 'yan sanda ya sa hannu. Masu inshorar jirgin suka kama masa ɗaki a saman wani shagon wanki.

Garin na masunta ne, kuma man ya kashe musu kamun kifin shekara guda. Daga tagarsa yana hango su cikin dogayen takalman roba, maza da mata, suna kwashe baƙin yashi da shebur. In ya shiga kanti sai hira ta tsaya. Bai ga laifinsu ba. Shi ma jikan masunta ne, ya san abin da ake ji in an wayi gari teku ta lalace.

A zaman kotu na farko, ta waya aka haɗa shi da tafinta, wani mutumin arewacin Indiya mai saurin baki, wanda ba yarensu ɗaya ba. Hidayat ya ce, "Abin da ya faɗa na maimaita, shi na yi." Sai daga baya ya gano an juya wa alƙali maganar da cewa, "Abin da na zaci ya faɗa na yi." Lauyan da aka ba shi sau biyu kawai suka taɓa zama. Aka yanke masa shekara uku, aka bar shi a waje har a ji ɗaukaka ƙara.

Ranar Juma'a yake doguwar waya da gida.

"Baban Shabnam, ka ci abinci?"

"Na ci."

"Me ka ci?"

"Burodi da ƙwai."

"Wancan makon ma haka ka ce. Ka bi a hankali, kada kajin garin su ma su kai ƙararka."

Ya yi dariya, ya tambayi mangwaro. Ta ce furen ya yi kyau bana, sai dai birai na ɓarna.

"Dangin yaron da ke neman auren 'yarka sun sake zuwa," in ji ta. "Shekara guda ke nan suna jira. Shabnam ta ce ba za a yi ba sai kana nan."

"Ba ni ita."

Ya daɗe yana lallashin 'yar. Ya ce mata ranar fitarsa ba a hannunsa take ba, kuma ba zai so a ce kotun wasu ta tsare mutum biyu a gida ɗaya ba. Ƙanensa ya tsaya a madadinsa. Ranar ɗaurin auren ya sa farar rigarsa a ƙarƙashin rigar sanyi, ya zauna a kan benci kusa da tasha, ya kalli komai ta waya har batir ya mutu. Ya koma ɗaki ya dafa shinkafa da miyar kifi da madarar kwakwa ta gwangwani, ya ci shi kaɗai.

A wata na goma ƙungiyar ma'aikatan jiragen ruwa ta aiko masa da lauya, wata gajeriyar mata 'yar ƙasar, Madam Irena. Ta zo da tafinta mai jin yarensa na gida, ta zauna da shi yini guda.

"Kullum kake maimaita umarni?" ta tambaye shi.

"Shekara ashirin da bakwai, ranki ya daɗe. Ko matata in ta aike ni kasuwa sai na maimaita."

"To ina na'urar da ke naɗar magana a ɗakin tuƙi?"

Na'urar tana hannun masu gabatar da ƙara tun ranar farko. Sun rubuta cewa ƙarar inji da iska sun rufe muryoyin, ba a jin komai, kuma ba wanda ya nemi a kunna. Madam Irena ta nema. Aka hana, ta sake nema. Wata bakwai tana kai da kawo kafin a yarda wani masani da ba ya ɓangaren kowa ya tace sautin.

Alƙalai uku ne suka zauna a ɗaukaka ƙarar. Aka kunna. Da farko shuuu kawai ake ji, sai muryar jagoran ta fito sarai, hagu, goma, ta Hidayat na biye da ita. Babban alƙalin, wani tsoho mai farin gashi, ya sa aka maimaita sau uku. Jagoran yana zaune gefe, ya ƙura wa hannuwansa ido. Hidayat ya dube shi, ya ga mutum ne sa'ansa mai iyali a garin, wanda tsoro ya kama. Ya nemi fushin da ya daɗe yana ajiye masa, ya tarar saura kaɗan.

Aka wanke shi. Ba wanda ya ba shi haƙuri, kuma sai da ya ƙara mako biyar yana jiran fasfo. A cikin kwanakin nan wani dattijon masunci, wanda bai taɓa fashin zaman kotun ba, ya tare shi a ƙofar shagon wankin, ya miƙa masa busasshen kifi naɗe a takarda, ya faɗi wata magana da yarensu, ya wuce. Har yau Hidayat bai san me ya ce ba.

Ya dawo gida ana tsakiyar damina. Ya gwada komawa ruwa, kamfani uku suka ce za su neme shi, ba su neme shi ba. Sai ya karɓi tuƙin jirgin fito da ke tsallakar da mutane da babura da awaki a bakin kogin ƙauyensu, sau goma sha biyu a yini. Abokinsa na ƙuruciya, Vasant Sawant, mai sayar da shayi a mashigin, ba ya barinsa ya huta.

"Jama'a ku riƙe da kyau, wanda ya fasa jirgin Turawa ne zai tuƙa ku."

"Da shayinka na zuba musu a teku, da ba su sake ni ba," in ji Hidayat.

In an tambaye shi ko kotun ta yi masa adalci, yakan ce tsohon alƙalin mutumin kirki ne, ya saurara. Amma kafin a kai ga mai saurare, an riga an ci masa wata goma sha tara, kuma da shi ne ɗan gari jagoran ne baƙo, da an kunna na'urar nan tun makon farko.

Bara wata mata daga ƙauyen da ke tsallake ta zo gidansu da goyo. An tsare mijinta, shi ma ma'aikacin jirgin ruwa, a wata ƙasar kan man da ya malala a tasha, wata biyu ke nan. Hidayat ya sa Shabnam, wadda ta zo ganin gida, ta rubuta mata lambar ƙungiyar. Ya ce ta gaya wa mijin kada ya sa hannu a takardar da bai karanta da yarensa ba, ya nemi tafinta da zai gani ido da ido, kuma ya riƙa fita yana taka ƙasa kullum ko da ba shi da wurin zuwa.

"Zai daɗe, Kawu?" matar ta tambaya.

"Zai iya daɗewa, 'yata. Ke dai ki riƙa kiransa, ki ba shi labarin gida, har na awaki."

Zubeda ta zuba mata shinkafa ta ci, ta ƙulla mata mangwaro. Da la'asar ta yi, Hidayat ya tsallakar da ita a fiton ƙarfe huɗu.